Yadda Ake Gina Ƙaramin Ɗaki Da Tara Kayansa: Jagora Daga Jidda

Ɗakin kakata yana nan kan kanta a falona. Faɗinsa santimita 30 ne, tsayinsa 25, amma duk wanda ya san ɗakin na gaske, da ya leƙa zai gane shi. Ga gadon ƙarfenta mai rumfa, ga jeren kwanuka a kabad, ga randa a kusurwa da moɗa a kife a kan murfinta, ga dalla, wato butar gahawa, kusa da kaskon turaren wuta. Ɗakin na gaske ya tafi a 2022, lokacin da aka rushe wasu tsofaffin unguwannin Jidda, tamu a ciki. Abin da ya rage mana shi ne 'yan hotuna a waya da abin da ido ya riƙe. Daga nan na shiga wannan aiki, kuma tun daga lokacin 'yan uwa mata a Jidda da Makka suke tambayata ta ina ake farawa. Ga amsar a tsanake. Da 'yar uwa nake magana, amma ɗan uwa ma ya matso, don na ga maza da hannunsu ya fi namu faɗawa a aikin katako.

Wasu na ɗauka wasan yara ne. To, mu ma mun yi wasan 'yar tsana, iyayenmu a ƙasar Hausa sun yi da kara da laka, sun yi dafe-dafe a gwangwani. Sai dai manya sun daɗe a wannan harka. A 1920 an tono kabarin wani babban ma'aikacin fada mai suna Meketre kusa da Luksor a Masar, aka tarar da ƙananan gidaje na katako, da rumbu, da wurin gasa burodi, da jiragen ruwa, waɗanda suka kai kimanin shekara 4,000. A Amsterdam har yau ana zuwa kallon ƙaramin gidan da wata matar attajiri, Petronella Oortman, ta fara haɗawa wajen 1686. Wanda ya fi suna shi ne na Sarauniya Mary ta Ingila, da aka gama a 1924, yana fadar Windsor. An yi shi da wutar lantarki da famfunan da ke zubo da ruwa. Abin da na koya daga waɗannan ukun shi ne kowa gidan da ya sani ya ƙera. Saboda haka shawarata ta farko: kada ki sayi gidan Turawa mai murhun jin ɗumi a bango don kawai shi ne a kasuwa. Gina naki.

Akwai tambayar da kowace ke fara yi mini, kuma ta cancanci a yi ta: ina hukuncin mutum-mutumi? Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta. Malamai sun yi sauƙi a kan na yara, sun kuma yi magana mai tsawo a kan babba ya ajiye surar abu mai rai don ado. Ni dai ɗakunana babu mutum ko dabba a ciki, bango ne da kaya kawai, kuma ban taɓa jin sun rasa wani abu ba. Takalmi a bakin ƙofa ya isa ya nuna akwai mai ɗaki. Wadda take son sa mutane ta tambayi malaminta.

Mataki na farko: tsayar da ma'auni

Nan ne yawancin masu farawa ke tuntuɓe, don haka zan daɗe a kai. Ma'auni shi ne sau nawa aka rage girman abu. Wanda ya fi yaɗuwa a duniya shi ne 1:12, wato kowane santimita 12 na gaske ya koma santimita 1. Asalinsa lissafin Ingilishi ne, inci 1 a madadin ƙafa 1, kuma da shi aka yi gidan Sarauniya Mary. Akwai 1:24, rabin wancan, akwai 1:48 wanda sai mai kaifin ido da haƙuri, akwai kuma 1:6, girman kayan 'yar tsanar nan Barbie. Ki zaɓi 1:12. Kayansa sun fi samuwa, kuma yatsa na iya riƙe su.

Lissafin ba wuya: auna abin gaske, ki raba da 12. Ƙofa mai tsayin santimita 210 da faɗin 90 za ta zama 17.5 da 7.5. Tabarma mai 180 da 90 ta zama 15 da 7.5. Turmi mai tsayin 60 ya zama 5. Dalla mai 24 ta zama 2. Finjali kuwa bai wuce milimita 4 ba, ƙwayar dabino milimita 3. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma haka abin yake a nan: ko wanda bai san lissafin ba, idan ya ga butar shayi ta kai rabin kujera, zai ji wani abu bai zauna daidai ba, ko da ya kasa faɗin mene ne. Ɗaki mai kaya biyar masu ma'auni ɗaya ya fi ɗaki mai kaya hamsin da aka tsinto daga ko'ina.

Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce na yanki kwali mai tsayin santimita 14, tsayin mutum ke nan a wannan ma'auni, na sa a jakata. Duk abin da na gani a kanti, sai na jingina shi da kwalin. In kujera ce, wurin zamanta ya tsaya wajen gwiwa, kusan santimita 4. In ta wuce haka, a bar musu kayansu komai kyanta.

Mataki na biyu: ɗaki ɗaya, ba gida ba

Kada ki fara da bene mai ɗaki shida. Za ki gaji a ɗaki na biyu, gidan ya zauna yana shan ƙura. Zaɓi ɗaki ɗaya da kika sani ciki da bai: ɗakin tsohuwa, majalisin baba, madafa, zauren gidan kakanni a Kano ko Sakkwato, ko ma teburin mai tsire irin wanda mutanen Makka ke kira siriya. Ɗauki takarda ki rubuta duk abin da ke ciki, har da abin da ba a ɗauka kaya ba, kamar kalandar da ta shekara biyar a bango ko ledar magani a rataye jikin ƙusa. In ɗakin yana nan, je ki da awo. In babu shi, ki koma ga hotuna ki ƙirga tayil ɗin ƙasa, ko ki kwatanta komai da tsayin ƙofa. Haka na gano ɗakin kakata mita 3.6 ne da mita 3, wato santimita 30 da 25.

Kayan aikin ba su da yawa. Wuƙar yankan kwali da sababbin reza masu yawa, rular ƙarfe, faifan yanka don kada ki lalata teburi, hantsaki, sanfefa mai laushi, farin gam na kafintoci, fentin akirilik kala shida ko bakwai, ƙananan buroshi, da tsinken sakace don ɗiga gam. Kantunan littattafai irin su Jarir suna da ɓangaren kayan zane, sauran kuma ana samu a shagunan kayan araha da ake kira abu-riyalain da wurin masu kayan ɗinki. Reza in ta dakushe a canza ta nan take. Dakusasshiyar reza ita ke yaga kwali, ita ce kuma ke zamewa ta yanki yatsa.

Mataki na uku: akwatin

Don ɗakin farko ki yi amfani da allon soso mai takarda gaba da baya, mai kaurin milimita 5, irin wanda 'yan makaranta ke manna aikinsu a kai. Yana yankuwa da wuƙa, ba ya buƙatar zarto. Idan kina son cikin ɗakin ya fito 30 da 25, sai ki tuna da kaurin bango: ƙasa ta zama 31 da 25.5, bangon baya 31 da 25, bangayen gefe biyu kowanne 25 da 25, rufi kuma girmansa ɗaya da ƙasa. Ki yanke ƙofa da taga tun allon yana kwance, kafin a haɗa. Kada ki danna wuƙa da ƙarfi don ta ratsa a tashi ɗaya. Ki bi layin sau uku a hankali, na farko ya yanki takardar sama, na biyu soson, na uku takardar ƙasa.

Ki haɗa da farin gam, ki soka allurai masu kai su riƙe kusurwa, ki jingina littattafai, ki bar shi ya kwana. Gam ɗin bindiga yana da sauri, na sani, amma a zafin ƙasar nan bai da amana. Na taɓa barin wani ɗaki a mota da rana, na dawo na tarar bango ya saki, rufin ya zame. Haka kuma kada ki fesa fentin gwangwani kai tsaye a bakin soson, yana cinye shi. In hannu ya faɗa, ɗaki na biyu sai ki koma filawud.

Mataki na huɗu: wuta kafin ado

Wayar fitila ana sa ta ne kafin a yi wa bango kwalliya, in ba haka ba sai an farke aikin da aka gama. Ki nemi ƙananan ƙwayayen LED masu aiki da bolt 3, da gidan batir mai makunni da ke cin batir biyu. Ki zaɓi haske mai ruwan zuma. Fari fat yana mayar da ɗaki kamar asibiti. Ki huda rufi, ki bi da wayar ta bayan akwatin, ki manne ta da tef. Ƙwan LED ba ya kamawa in an juya wayoyinsa, doguwar ƙafarsa ita ke zuwa ɓangaren da ke da alamar tarawa, saboda haka a gwada kafin a manne. Kada a kusanci wutar bango da wannan aiki ko kaɗan. Ƙwai ɗaya a rufi da ɗaya a ɓoye a bayan taga, kamar hasken hantsi na shigowa, sun wadatar.

Mataki na biyar: bango, ƙasa da taga

Nan ne ɗakin ke samun ƙasarsa. In ginin ƙasa na Hausa kike so, ki kwaɓa ma'ajun ɗin toshe bango da ɗan farin gam da fenti ruwan ƙasa, ki zuba yashi mai laushi kaɗan, ki shafa da yatsa siriri-siriri. Kafin ya bushe ki zana dagi ko wani adon bango da tsinke. Ki shafa wa bayan allon farin gam shi ma, don in gefe ɗaya kawai ya jiƙe allon yakan lanƙwashe. Zankwayen saman soro ana murza su da yumɓu, azarar rufi kuma tsinken tsire ne da aka jera aka shafa musu ruwan gahawa mai kauri. Bambaro ko murfin biro da aka raba biyu ya zama indararo.

In kuwa ginin Hijaz ne, ki ware yammaci ɗaya ki je Balad, wato tsohuwar Jidda. Tun 2014 UNESCO ta sa tsohuwar Jidda cikin wuraren tarihi na duniya. Ki tsaya gaban Gidan Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925, ki ɗaga kai ki dubi tagogin katakon nan da ake kira roshan. Ki lura yadda ake gina bangon da dutsen murjani daga Bahar Maliya, ana ratsa shi da katako a kwance hawa-hawa. Dutsen ana kwaikwayonsa da kwalin ƙwai: a yayyage shi ƙanana, kusan santimita 2 da 3, a manna gefen mai kaushi yana kallon waje, a shafa fari mai ɗan rawaya, in ya bushe a bi da ruwan fenti mai duhu ya shiga tsagogin, a goge saman da tsumma. Roshan ɗin kuwa sandunan juya gahawa na katako ne ake yanka a yi firam, a cike tsakiyar da ragar roba ta masu saƙa ko ɓallen mafici mai huje-huje, a yi masa kore ko shuɗi ko ruwan ƙasa. Shi ne ya fi cin lokaci a duk aikin. Nawa na farko mako uku ya ɗauke ni, kuma har yau shi baƙo ke fara kallo.

Ƙasa ba ta da wahala. Tayil, ki zana layuka a kwali mai sheƙi. Daɓe, irin haɗin bangon ne a lailaye shi da bayan cokali.

Mataki na shida: kayan ɗaki

Daga yau ido zai canza. Abin da kike zubarwa zai fara zama kaya. Ɓawon bunduƙ, ƙwallon nan mai tauri da ake fasawa a ci kamar gyaɗa, da aka raba biyu, aka goge bakinsa da sanfefa, ƙwarya ce sak, har za ki iya yi mata zane da bakin allura. Ramukan robar da ƙwayar magani ke zuwa a ciki, in an yanko su aka yi musu fenti fari da jan baki da 'yan furanni, sun zama kwanukan jere. Murfin man goge baki bokiti ne. Toshiyar kwalba da aka fafe ta zama turmi, tsinken tsire mai santimita 11 taɓarya. Faifai kuwa, ki shafa gam a ɗan kwali ki naɗa zaren kaba ko zaren saƙa daga tsakiya kina zagayawa, kina canza kala, har ya kai faɗin santimita 3. Gadon rumfa na yi shi ne da tsinke da duwatsun ado a kan ƙafafu, na shafa masa ruwan azurfa. Dalla tana fitowa daga duwatsun sarƙa na ƙarfe biyu da aka ɗora, da 'yar waya a matsayin mariƙi. Wani lokaci kuma ana dacewa da ita a maƙalin makulli a shagunan tsaraba na Makka da Madina, sai a cire zoben.

Randa, tulu, kasko da abinci, yumɓun roba ya fi dacewa da su, irin su Fimo. Ba ya bushewa sai an gasa, don haka babu gaggawa. Fimo ana gasa shi a zafin digiri 110 na minti 30, amma kowane iri da nasa, a karanta bayan fakiti. Ki dunƙula takardar alminiyom ki lulluɓe ta da yumɓun, randar ta fito ba nauyi. Kafin gashi ki kankare allin zane baƙi da ja ki shafa a gindinta, ta yi kamar ta sha hayaƙi da shekaru. Dabino kuwa ki murza ƙanana ki birgima su a kan sanfefa su yi tamoji. Abubuwa biyu a kiyaye: kada a bar ɗanyen yumɓun a mota ko jikin taga, zafi na sa ya sandare, kada kuma a shafa masa man farce don sheƙi, bayan watanni zai fara danƙo. A nemi banish mai narkewa a ruwa.

Yadi shi ke tona asirin ƙaramin ɗaki. Atamfa mai manyan furanni ba ta yi, fure ɗaya zai cinye gadon duka. Ki nemi auduga marar kauri mai ƙananan zane, tsohon hankici, ko bakin mayafi. Labule ba zai sauko da kansa ba saboda ba shi da nauyi. Ki jiƙa shi da ruwan da aka ɗiga wa farin gam, ki tattara shi da allurai a kan soso, ya bushe a haka. Farin zanin gado a tsoma shi a ruwan shayi ya rage sabunta. Matasan majalisi a cika su da yashi ko ƙananan duwatsun ado maimakon auduga, sai su zauna su lotsa kamar an jingina da su. Shinkafa da gero kada su shiga, ƙwari za su biyo.

Sayayya da tarawa

Ba komai ake ƙerawa ba. Kofunan gilashi, agogon bango, keken ɗinki, waɗannan saye ya fi. A intanet ki karanta awon da aka rubuta da santimita, kada hoto ya ruɗe ki. Na sha ganin an rubuta 1:12 kayan ya iso rabin haka. Akwatunan haɗa-da-kanka da ke zuwa daga Sin, irin na Rolife, suna da kyau don koyon hannu, sai dai kayansu sun fi na 1:12 ƙanƙanta, ba sa zama ɗaki ɗaya da su. Ki riƙa leƙa haraj, wato kasuwar gwanjo, da teburan masu tsofaffin kaya. Ki kuma ajiye ɗan littafi: me kika saya, a ina, nawa, wane ma'auni. Ki yanke wa kanki abin da za ki kashe a wata, don riyal 10 nan riyal 15 can, kafin ki ankara sun zama kuɗin cefane. Akwatin roba mai gida-gida na masu ɗinki ya isa ajiya.

Wajen jerawa a fara da manya, gado da kabad, sannan matsakaita, ƙananan a ƙarshe. Kada ki manne komai da gam. Akwai kakin mannawa da ake cirewa, ɗigo kamar kan allura ya isa ya riƙe finjali. Gam mai kamawa nan take yana barin farin hazo a jikin gilashin roba, a nisanta shi da taga. Kuma ki bar ɗan hargitsi: sallaya a naɗe rabi, murfin kwano a karkace, carbi a kan matashi. Ki sunkuya ki kalli ɗakin daga bakin ƙofa, daidai tsayin kwalin nan na santimita 14, ki ɗauki hoto da waya. Hoto na nuna kuskuren da ido ya saba da shi.

Laimar Jidda da ƙurar Makka duk abokan gaba ne. Ki sa a yanko miki gilashin roba daidai gaban akwatin. Ki jefa ƙulli biyu na ƙwayoyin tsotse danshi, waɗanda ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, a bayan kabad. A nisanta ɗakin da hasken rana da bakin na'urar sanyaya ɗaki, a share shi da buroshin kwalliya mai laushi, a cire batir in za a yi tafiya. Kada a yi gam da fulawa ko koko, kyankyasai na sonsa. Kantar ta yi sama inda hannun yaro ba ya kaiwa, don finjalin milimita 4 ba ya wuyar haɗiya, batir mai kamar kwabo kuwa in ya shiga cikin yaro sai asibiti da gaggawa. Yaran da suka kai shekara bakwai ko takwas a ba su kwalin takalmi da ragowar kaya su gina nasu a gefenki.

Ranar da na gama ɗakin kakata na kai wa Goggo, ƙanwar mahaifina, wadda a ɗakin ta girma. Ta sa tabarau, ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba. Can ta nuna bayan ƙofa ta ce, "'Yar nan, ina butar Inna? Ai nan take ajiye ta, shuɗiya, mai tsagaggen murfi." Babu ita a ko ɗaya daga cikin hotunan. A daren na murza ta da yumɓu, tsayin santimita 2, na huda bakin da allura, na ja tsagar murfin da reza kafin in gasa. Saboda haka kafin ki rufe gaban akwatin, kai wa babbar da ta zauna a ɗakin ta duba, ki tafi da takarda da biro.